Littattafan da Suka Reni Yaran Elementare

Duk wanda ya zauna a bencin elementare a Arewa tsakanin ƙarshen mulkin Turawa da shekarun farko na 'yancin kai, idan hira ta kai shi ga zamanin ƙuruciya, da wuya ya ambaci abokansa na aji bai haɗa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman na littafin Ruwan Bagaja da akun nan mai hikima na Magana Jari Ce ba, kamar dai su ma rajista ɗaya aka riƙa kiran sunansu da shi kowace safiya.

Asalin al'amarin kuwa a Zariya yake. A shekarar 1933, Dokta Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Talifi, da ya lura an koya wa yara karatun boko alhali babu wani abin karantawa mai daɗi da zai riƙe su, sai ya zagaya yana roƙon malamai su shiga gasar ƙaga labari da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Bayan haka aka ɗauko Imam daga Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, ya zauna a Zariya ya tsara Magana Jari Ce littafi uku, kafin a ɗora masa aikin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

A ganina, abin da ya sa waɗannan littattafai suka shiga gidajen da ke ƙyamar boko shi ne yawancin mawallafansu ba baƙi ba ne ga allo da tawada. Imam da yayansa 'ya'yan alƙali ne, sun tashi cikin fiƙihu da lugga da hikayoyin Larabawa, saboda haka ko da Imam ya aro labari daga Alfu Laila ko daga tatsuniyoyin Turai, sai ya sa masa rawani da babbar riga, ya zaunar da shi a fada tsakanin sarki da waziri da dogarai, har dattijon da ya rantse ɗansa ba zai taɓa takardar Nasara ba ya kan matso da buzunsa in an fara karantawa a zaure.

Kuma lalle karantawa ake yi a bayyane, domin littafi ɗaya ya kan zaga unguwa guda. Mai shi ya kan lulluɓe bangonsa da takardar buhun siminti, ya rubuta sunansa a shafin farko da na ƙarshe, har da gefen ganyayyakin don tsoron masu ɗan hali. Bayan an tashi daga makarantar allo ta dare, sai yara su kewaye fitilar aci-balbal, wanda ya fi iya haɗa baƙi ya ɗauka, sauran su kasa kunne, ana gardama a kan wanda ya fi wayo tsakanin Alhaji Imam, tauraron Ruwan Bagaja, da Zurƙe. Aron littafi a wancan zamani amana ce babba. Da shi ake gane aboki, a kansa kuma ake ɓatawa, musamman in ya dawo da ɗigon manja ko shafi ya yage daidai inda labari ya yi daɗi.

Ba dukansu yara suka so daidai ba. Ganɗoki ya sami masoya saboda yaƙi da kirari, amma Shaihu Umar, da yake ƙissar bauta ce da rabuwar uwa da ɗa, nauyinsa ya fi ƙarfin ɗan aji uku, galibi sai da aka girma aka koma masa. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA bayansa, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC daga 1966, su suka yi ta sake buga su, har jikokin masu karatun farko suka riske su a jerin littattafan jarrabawa, inda aka wajabta musu haddace jigo da salo.