Bokan Cikin Kwamfuta: Tarihin Wata Ƙaramar Manhaja

Daga cikin ayyukan da ake fara bai wa ɗalibin da ya shiga darasin ƙirƙirarriyar basira, akwai wani da malamai ke so saboda sauƙinsa, wato rubuta manhajar duba. Ɗalibi zai tara jimloli talatin ko arba'in game da arziki, aure, tafiya da maƙiya. Manhajar za ta tambayi mutum sunansa da ranar haihuwarsa, ta yi ɗan lissafi ko ta jefa ƙuri'a, ta zaɓo jimla uku ta jera masa. Aikin yamma ɗaya ne, kuma babu wata basira a cikinsa. Amma idan ɗalibin ya miƙa wa abokansa su gwada, da wuya a rasa wanda zai yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce abin ya faɗi gaskiya. Wannan shirun yana da tarihi, kuma ya girmi kwamfutar da ke gaban ɗalibin.

Mayar da duba lissafi tsohon abu ne. Mai bugun ƙasa yakan zana ɗigo a kan rairayi, ya ƙirga su bibbiyu, ya ga ko ɗaya ya rage ko bai rage ba, daga nan ya fitar da siffofi goma sha shida bisa ƙa'idar da ba ta canzawa. Duk mai koyon kwamfuta zai gane wannan tsari da kallo ɗaya. Sai dai ƙa'idar tana bayyana yadda ake samar da amsa ne kawai. Dalilin da ya sa mai tambaya ke gaskata amsar wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam ne a Amurka, Bertram Forer, ya gwada shi a fili.

A shekarar 1948, Forer ya ba ɗalibansa 39 wata jarrabawar auna hali. Bayan mako guda ya raba musu takardu, kowace da sunan mai ita, ya ce sakamakon kowa ke nan. Ya nemi su auna dacewar bayanin da halinsu, daga sifili zuwa biyar. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Sai da aka gama ya gaya musu cewa takarda iri ɗaya duk suka karɓa, jimloli goma sha uku da ya tsinto mafi yawansu daga wani littafin taurari da ya saya wurin mai sayar da jarida. Jimlolin suna cewa mutum yana son a ƙaunace shi, yana yawan zargin kansa, yana da baiwar da bai yi amfani da ita ba, wani lokaci yana son jama'a wani lokaci kuma yana son kaɗaici. Wa zai musa? Kowace jimla riga ce mai faɗi, mai karatu ne ke ɗinke ta daidai jikinsa da abin da ya sani game da kansa, sannan ya yaba wa tela.

Shekaru ashirin bayan haka, kwamfuta ta shigo kasuwar. A Faransa aka buɗe Astroflash a birnin Paris a 1968, inda na'urar IBM ke karɓar ranar haihuwa da sa'a da gari, ta buga wa mutum shafuka na bayanin taurarinsa. A wannan shekarar wani mai bincike, Michel Gauquelin, ya sa talla a jaridar Ici Paris yana tayin duba kyauta. Duk wanda ya aiko wasiƙa sai ya tura masa bayani ɗaya tak wanda kwamfuta ta buga, tare da tambaya ko ya ga kansa a ciki. Daga cikin waɗanda suka amsa, fiye da kashi 90 cikin ɗari sun ce bayanin ya yi daidai da su, da yawa ma suka ce iyalansu sun shaida haka. Ranar haihuwar da aka ba kwamfutar kuwa ta Marcel Petiot ce, likitan da ya riƙa yaudarar Yahudawa da wasu masu gudun 'yan Nazi da alkawarin fitar da su daga ƙasar, ya kashe su a gidansa ya kwashe dukiyarsu. An zartar masa da hukuncin kisa a 1946. Mutane masu mutunci sun karanta taurarin mai kisan kai, suka ga hoton kansu.

Ɗalibin da manhajarsa ta yi nasara yakan so ya ƙara mata abu ɗaya, ta riƙa mayar da magana. A nan ne zai bi sawun Joseph Weizenbaum, ko ya san sunan ko bai sani ba. An haifi Weizenbaum a Berlin a 1923, iyalansa suka gudu zuwa Amurka a 1936, daga baya ya zama malami a jami'ar MIT. A watan Janairun 1966 ya wallafa bayanin wata manhaja da ya kira ELIZA. Dabararta ba ta da zurfi. Tana neman wasu kalmomi a cikin abin da mutum ya rubuta, ta juya "ni" ya koma "kai", ta mayar masa da maganarsa a siffar tambaya. Idan ya ambaci mahaifiyarsa, sai ta ce ya ƙara faɗa mata game da iyalinsa. Idan ba ta sami kalmar da ta sani ba, sai ta ce ya ci gaba. Weizenbaum ya sa ta kwaikwayi likitan ƙwaƙwalwa mai bin tafarkin Carl Rogers ne da gangan, domin irin wannan likita shi ne wanda zai iya yin hira mai tsawo ba tare da ya nuna ya san komai game da duniya ba.

Abin da ya biyo baya ya girgiza shi. Sakatariyarsa, wadda ta ga yana aikin manhajar wata da watanni kuma ta san na'ura ce, ta zauna ta fara hira da ita, bayan ɗan lokaci ta roƙe shi ya fita daga ɗakin. Wasu likitoci kuma suka fara maganar cewa irin wannan manhaja za ta iya duba marasa lafiya da yawa a lokaci guda. Boka dai aƙalla mutum ne, yana kallon fuskar wanda ya zo masa, kuma ana iya kama shi da ƙarya. Weizenbaum ya ga mutane suna zuba sirrinsu ga abin da ba ya fahimtar ko kalma ɗaya, ya kuma ga ƙwararru suna murna da hakan. Ya shafe shekaru yana rubuta martani, wanda ya fito a 1976 da sunan Computer Power and Human Reason, inda ya kafa hujja cewa akwai hukunce-hukuncen da bai kamata a miƙa wa na'ura ba ko da za ta iya yin su. Littafin ya raba shi da abokan aikinsa da dama, bai kuma janye ba har ya rasu a Jamus a 2008.

An daɗe ana zaton asalin rubutun ELIZA ya ɓace, ɗalibai suka yi ta sake gina ta daga bayanin 1966 kaɗai. A 2021 aka gano shi cikin takardun Weizenbaum a ma'ajiyar MIT, a buge a kan takarda. Layuka ɗari huɗu ne da 'yan kai.