Asalin Jirgin Yaƙin Victory da Hidimarsa

Tun kafin a san injin tururi, jiragen yaƙin Turawa da iska suke tafiya, ana ɗaura musu filafilai, wato manyan yadudduka masu kauri da ake bazawa a kan dogayen turaku domin iska ta cika su ta tura jirgin. Daga cikin irin waɗannan jirage babu wanda sunansa ya kai na Victory, mallakar Ingila, wanda aka soma haɗawa a ma'aikatar jirage ta Chatham ranar 23 ga Yuli 1759, bisa zanen Thomas Slade, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai da Faransa.

Bishiyoyi wajen 6,000 aka sare dominsa, akasarinsu itacen oak mai tauri. Da aka kafa ƙashin bayansa da haƙarƙarinsa sai yaƙin ya lafa, ba a kuma gaggauta aikin ba, aka bar katakon a rufe na tsawon shekaru yana bushewa a hankali, abin da masana da yawa ke ganin shi ne sirrin daɗewar jirgin, domin ɗanyen katako da aka rufe da wuri ruɓewa yake yi daga ciki. An tura shi ruwa ranar 7 ga Mayu 1765, amma ya yi shekara 13 a ɗaure a kogin Medway kafin a kira shi fagen fama a 1778, inda Admiral Keppel ya ja ragamar rundunarsa daga cikinsa a gumurzun Ushant. A 1780 aka lulluɓe gindinsa da fallayen tagulla saboda tsutsar teku mai huda katako.

Ya halarci ceton Jibraltar a 1782, ya kuma ɗauki Admiral Jervis a yaƙin Cape St Vincent a 1797, sannan tsufa ya kama shi har aka mai da shi asibitin fursunonin yaƙi. Asarar wani babban jirgi, Impregnable, a 1799 ce ta sa aka waiwaye shi, kafintoci suka sake gina shi daga 1800 zuwa 1803, kuma lallai waɗannan masu gatari da guduma sun cancanci rabo mai tsoka cikin yabon da aka saba jibga wa kwamandoji kaɗai.

Ranar 21 ga Oktoba 1805, a Trafalgar kusa da gaɓar Sifen, Victory mai igwa 104 da mutum sama da 800 ya shige gaba ƙarƙashin Admiral Nelson da Kyaftin Hardy, lokacin da jiragen Ingila 27 suka tunkari 33 na Faransa da Sifen. Ya keta sahun abokan gaba yana shan wuta ta gaba ba tare da damar ramawa ba sai da ya kutsa tsakiyarsu, aka kashe masa mutum 57, aka raunata 102. Wani maharbi daga saman jirgin Faransa Redoutable ya harbi Nelson, wanda ya cika bayan ya ji labarin nasara, aka sa gawarsa cikin ganga ta barasa don kada ta lalace kafin a kai ta gida.

Bayan gyara Victory ya yi aiki a Tekun Baltik daga 1808, ya bar fita yaƙi a 1812, ya zauna a tashar Portsmouth. A 1922, da ruɓa ta kusa cinye shi, aka shigar da shi busasshen ramin gyaran jirage na tashar, inda yake har yau cikin rajistar rundunar ruwan Birtaniya.