Wasannin gem na fina-finai da ba su taɓa shiga kasuwa ba

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem yana buga Sega ko Nintendo ya san cewa manyan fina-finan Amurka kan fito da wasansu, irin su Batman da Rambo da Terminator. Sai dai akwai wasu da aka kashe musu kuɗi, aka yi tallarsu a mujallu, wasu ma an kammala su tsaf, amma ko kaset ɗaya bai shiga kasuwa ba. Yawancinsu na tsakanin 1982 ne zuwa 1996.

Yadda cinikin yake

Kamfanin gem yakan sayi lasisi daga masu fim, ya biya kuɗi tun kafin a fara aiki, kamar dai kafin alƙalami a cinikin shanu. Lasisin yana da wa'adi, kuma ana son wasan ya fito lokacin da fim ɗin ke tashe a silima. Buga kaset a wancan zamani yana da tsada, ana yin odar dubbai a lokaci guda, a jira makonni kafin su iso. Idan kaya suka yi kwantai, asarar ta kamfani ce. Shi ya sa wani lokacin sai a ga gara a haƙura da kuɗin da aka riga aka kashe da a ƙara zuba wasu.

Faɗuwar kasuwa a 1983

A 1982 kamfanin Atari ya ba Howard Scott Warshaw kimanin mako biyar ya haɗa wasan fim ɗin E.T. Wasan ya fito, amma kaset da yawa sun yi kwantai, har a 1983 aka binne wasu tare da sauran kayan kamfanin a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. An tono wurin a 2014. A 1983 ɗin ne kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe, kamfanoni suka yi ta ajiye ayyukan da ke hannunsu. Kamfanin Parker Brothers ya yi tallar wasan Lord of the Rings na Atari 2600 amma bai fitar ba, haka ma Ewok Adventure da aka gina kan fim ɗin Return of the Jedi. Wasan Planet of the Apes na kamfanin 20th Century Fox shi ma a nan ya tsaya.

Idan fim bai karɓu ba

The Shadow, fim ɗin Alec Baldwin na 1994, bai kawo kuɗin da aka sa rai ba. Kamfanin Ocean na Ingila ya riga ya haɗa masa wasan dambe na Super Nintendo, sai ya fasa fitarwa. Wannan kamfani dai ya fitar da wasan Waterworld na 1995 a wasu na'urori, amma na Sega Saturn bai fito ba.

Idan lasisi ya kuɓuce

Kamfanin Sunsoft na Japan ya fara wasan The Terminator na Nintendo, sai lasisin ya kuɓuce masa. Bai zubar da aikin ba, ya sauya labari da kamannin jarumin, ya fitar da shi a 1990 da sunan Journey to Silius. Wato za ka iya buga wasan ba tare da ka san asalinsa na Terminator ba ne.

Waɗanda aka gano daga baya

Akira fim ne na zane daga Japan, na shekarar 1988. Kamfanin THQ ya yi alƙawarin wasansa a Sega da Super Nintendo da Game Boy, amma shiru kake ji. Sai a watan Disambar 2019 ƙungiyar Hidden Palace ta saki samfurin na Sega, wanda ba a kammala ba, kowa ya gani.

Days of Thunder kuwa, fim ɗin tseren mota ne na Tom Cruise na 1990. Chris Oberth ya rubuta wasansa wa kamfanin Mindscape, amma kamfanin ya fitar da na wasu daban. Oberth ya rasu a 2012. A 2020 gidauniyar Video Game History Foundation ta bi tarin tsoffin faya-fayan kwamfutarsa, ta harhaɗa bayanan da ke warwatse a ciki, wasan ya tashi bayan shekara 30.

Me ya sa ake gaggawar nemansu

Samfurin wasa yawanci a kan ɗan guntun ma'ajiya yake, irin wanda ake gogewa a sake rubutawa, kuma bayanan da ke ciki suna lalacewa a hankali da tsufa. Faya-fayan kwamfuta ma haka suke. Wasan da aka sayar yana da dubban kwafe a duniya, wanda ba a sayar ba kuwa mai yiwuwa kwafi ɗaya ne tak ya rage a akwatin wani tsohon ma'aikaci. Idan ya lalace, aikin watanni ya tafi ke nan har abada. Saboda haka masu adanawa ke kwafe bayanan zuwa kwamfuta da zarar sun samu, sannan a iya buga wasan a waya ko kwamfuta ta manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura.

Abin lura ga mai saye: tunda fayilolin suna intanet, kowa zai iya zuba su a sabon kaset ya manna masa hoton fim. Idan ka ga kaset ɗin Akira na Sega ko The Shadow a kasuwa ana cewa na asali ne, ka sani kamfanonin ba su taɓa sayar da ko ɗaya ba.