Maltis ko Shitsu: wane ƙaramin kare ne ya dace da gidan iyali a Kumasi?

A manyan biranen Afirka ta Yamma, daga Accra da Kumasi zuwa Abidjan da Legas, ana yawan tallar ƙananan karnuka masu dogon gashi a shafukan Jiji da Facebook. Biyu daga cikin waɗanda aka fi gani su ne Maltis, wanda ake kira bichon maltais da Faransanci, da Shitsu, wanda ake rubutawa Shih Tzu. A hoto sun yi kama da juna. Amma ga iyalin da ke zaune a kewayen Race Course ko a unguwannin Zango na Kumasi, inda gida ɗaya kan ɗauki iyalai da dama masu tsakar gida guda, abin dubawa ba kyan gashi ba ne. Abubuwa uku ne ke raba su: juriyar zafi, ƙarfin jiki a hannun yara, da yawan haushi.

Asali da girma

Maltis tsohon kare ne na yankin tekun Bahar Rum. Nauyinsa kilo 3 zuwa 4 ne, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 20 zuwa 25, gashinsa fari ne kuma shimfiɗa ɗaya. Yakan rayu shekara 12 zuwa 15.

Shitsu ya samo asali ne daga Tibet da China, inda aka riƙa kiwonsa a fadar sarakuna, kuma sunansa daga kalmar zaki yake a harshen Sinanci. Ya isa Ingila wajajen 1930. Nauyinsa kilo 4 zuwa 8 ne, tsayinsa bai wuce santimita 27 ba, gashinsa ninki biyu ne mai launuka iri-iri, fuskarsa kuma a shafe take. Yakan kai shekara 10 zuwa 16. Duk wanda aka ɗauka, ɗawainiya ce ta fiye da shekara goma.

Tambayar farko: addini da maƙwabta

Mafi yawan mazauna Zango Musulmi ne, don haka maganar ba ta farawa daga irin karen. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi yaɗuwa a yankin, kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa, duk da cewa ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai don bin umarni. Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa suna ɗaukarsa najasa mai nauyi. Game da ajiye shi, littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya taƙaita izinin ga farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da dama na baya kuma suka ƙara da gadin gida. Karen da aka saya don sha'awa kawai ba ya cikin waɗannan, saboda haka Musulmin da ke da niyya ya fara zuwa wajen malaminsa.

Ko ga wanda ba Musulmi ba, akwai haƙƙin maƙwabta. A gidan haya, tsakar gida nan ne wurin girki da wanki da alwala. Karen da zai lashi buta ko ya hau tabarmar salla zai haddasa rigima tun a makon farko. Sai an nemi yardar mai gida da sauran ƴan haya, an kuma ware wa karen wurin kwana da kwanon cin abincinsa.

Zafi

Nan ne babban bambancin. Kare ba ya yin gumi kamar mutum. Da haki yake sanyaya jikinsa. Shitsu na da gajeren hanci da matsattsiyar hanyar iska, ga kuma gashi mai kauri, don haka hakinsa ba ya wadatar da shi. A Kumasi, zafin Fabrairu da Maris kan haura digiri 30, iska kuma tana da laima a mafi yawan shekara. A ɗakin kwano, idan aka ɗauke wuta da rana, irin abin da ƴan Ghana ke kira dumsor, zafi na iya kashe Shitsu. Alamomin haɗari su ne haki mai ƙara, dalalar da yawu, tangaɗi, da dasashi ya yi ja sosai ko shuɗi. A jiƙa shi da ruwa mai sanyi, a sa shi a inuwa, a garzaya wajen likitan dabbobi.

Maltis na da hanci mai ɗan tsawo da gashi mara kauri, don haka ya fi jure yanayin, ko da yake shi ma yana bukatar inuwa da ruwan sha a kowane lokaci.

Yara

A nan kuma Shitsu ne ke gaba. Jikinsa ya fi ƙwari, kuma an san shi da sanyin hali. Maltis ƙashinsa siriri ne: faɗowa daga hannun yaro ko daga kan gado na iya karya masa ƙafa, kuma idan ya tsorata yana iya kai cizo. Shitsu ma yana da rauninsa, domin idanunsa a waje suke, yatsan yaro ko ƙurar hunturu na iya ji masa ciwo. Dukansu biyu suna fama da gocewar ƙoƙon gwiwa da ciwon haƙora. Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kowane kare.

Haushi da gyaran gashi

Maltis ya fi saurin yin haushi idan ya ji motsi ko aka bar shi shi kaɗai. Hakan na da amfani ga mai son a sanar da shi zuwan baƙo, amma fitina ce a gidan da ɗakuna ke manne da juna. Shitsu ya fi shiru, sai dai yana minshari. Babu ɗayansu da zai iya tare ɓarawo. Mai neman gadi ya fi samun biyan bukata da karen gida na gargajiya, wanda ya saba da yanayin kuma bai da tsadar kulawa.

Dukansu suna bukatar tajewa kusan kullum da aski duk bayan mako shida zuwa takwas. Jar ƙasar Kumasi da taɓon damina suna saurin ɓata farin gashin Maltis. A ƙarƙashin dogon gashi ne kuma kaska ke ɓuya, ita ce ke ɗauke da cututtukan jini da ke kashe karnuka da dama a yankin. Gajeren aski ya fi sauƙi ga kowa.

Rigakafi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙanƙantar kare ba ta hana shi ɗaukar cutar. Ana yi wa kwikwiyo allurar haukan kare yana da wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Allurar cutar farbo, mai sa amai da gudawar jini, ana fara ta ne daga mako shida zuwa takwas. Ofisoshin kula da lafiyar dabbobi na Ma'aikatar Abinci da Noma ta Ghana suna yin wannan aiki, kuma jami'ar KNUST da ke Kumasi tana da makarantar likitocin dabbobi.

Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Ga mazauna Race Course, asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana nan kusa a Bantama. Da zarar alamomin cutar sun bayyana, kusan babu mai tsira.

Abinci

Ragowar abincin gida na iya zama guba. Albasa da tafarnuwa, waɗanda ba a rasa su a miya da shito, suna lalata jinin kare. Goro da cakulan da inabi su ma haɗari ne, balle ga kare mai kilo 3. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji.

Kafin biyan kuɗi

Kada a karɓi kwikwiyon da bai kai mako takwas ba. A je a ga uwarsa da inda aka haife shi, a nemi katin rigakafi mai sa hannun likita, kuma kada a tura kuɗi ta waya saboda hoto kawai. Ana sayar da gauraye da yawa da sunan tsantsar iri. Idan Shitsu ne, a duba ƙofofin hancinsa ko a buɗe suke, a kuma saurari numfashinsa yana kwance.

Wanne za a ɗauka?

Gidan da yaransa suka yi wayo, ɗakinsa ke da zafi, kuma ba ya manne da maƙwabta, Maltis ya fi dacewa da shi. Gidan da ke da ƙananan yara da maƙwabta a kusa, Shitsu ya fi, da sharaɗin akwai wuri mai sanyi ko an ɗauke wuta. Idan babu yardar maƙwabta, ko kuɗin allura da aski na shekara da shekaru, a haƙura da dukansu.