Yadda 'Yan Kallo Suka Sauya Dokokin Sunuka

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo da yamma, ya ratsa Rimin Gado da Kabo, ba zai rasa ganin teburin sunuka a gefen shago ko gidan kallon ƙwallo ba, samari sun kewaye shi, masu kallo sun ninka masu bugawa. To amma fa mai karatu, abin da ake bugawa a kan waɗannan teburan ba shi ne sunukar asali ba. Wasan da Amurkawa ke kira ful ne, mai ƙwallaye 15 da fara guda, wanda ake rufewa da baƙa. Sunukar asali ƙwallayenta 22, teburinta ƙafa 12, kuma hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro ta a Jabalfur ta ƙasar Indiya a 1875.

Wasannin biyu sun sha fama da matsala guda: gwanin da ya fi kowa iyawa shi ke sa ɗan kallo gyangyaɗi. A da, gwanayen Amurka suna buga wani salo ne da ake ƙirga ƙwallaye har sai mutum ya kai 150, kuma muddin bai kuskure ba sanda ba ta barin hannunsa. A 1954, a garin Springfield na jihar Ohayo, Willie Mosconi ya zura ƙwallo 526 a jere ba kuskure. Abin mamaki ne, ba shakka. Amma ka tuna abokin karawarsa na zaune ya zuba tagumi, ba shi da bambanci da wanda ya sayi tikiti. Wa zai bar aikinsa ya zo kallon mutum ɗaya yana wasa da kansa?

Talabijin ce ta tilasta gyara. A 1969 BBC ta fara shirin Pot Black domin tallata talabijin mai launi, ta kuma yanke cewa zubi ɗaya tak za a yi, wanda ya ci ya wuce. Daga nan sunuka ta shiga gidajen mutanen da ba su taɓa riƙe sanda ba, har ta kai a 1985 mutum miliyan 18.5 suka hana idonsu barci bayan tsakar dare suna kallon Dennis Taylor ya kayar da Steve Davis a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe.

A Amurka kuwa aka karkata ga salon ƙwallo tara: ka fara taɓa mafi ƙanƙantar lamba, wanda ya zura ta tara ya ci, ko da a bugun farko ne. Da shi ake buga Kofin Mosconi da aka soma a 1994 tsakanin Turai da Amurka, shekara guda bayan rasuwar mai sunan. Dubi ikon Allah, an raɗa wa gasar sunan sarkin dogon wasa, alhali ana ƙayyade wa ɗan wasa daƙiƙa 30 ya buga.

Gasar Shoot Out da aka farfaɗo da ita a 2011 ta wuce nan: minti 10 kacal, 'yan kallo su yi ihu son ransu. Da aka fara lissafa makinta cikin jerin gwanaye a 2017, wasu manyan 'yan wasa sun yi ƙorafi cewa an bai wa sa'a abin da ya kamaci gwaninta. Suna da hujja, domin a minti goma ɗan koyo na iya kayar da malaminsa. Ni dai ina bayan 'yan kallo, don da kuɗinsu ake biyan gwanin.

Samarin Gwarzo da Kabo ba su jira hukuma ba. Zubi ɗaya ne, wanda aka ci ya miƙa sanda ga na layi, sau da yawa ma shi zai biya mai tebur. Dokar kuskure kuwa, ko bugu biyu za a ba abokin hamayya ko ɗaya, kowane tebur da tasa, shi ya sa baƙo mai wayo ke tambaya kafin ya goga alli.