Daga Tatsuniyar Dodo Zuwa Camama a Madarumfa

Tun kafin majigi ya iso ƙasar Maraɗi, mutanen Madarumfa, garin tafki da kaburburan waliyyai, sun san daɗin tsoro mai gauraye da raha, domin bayan sallar lisha tsofaffi kan tara jikoki su ba su hikayar Dodo mai haɗiye mutane, da ta Gizo wanda makircinsa kan mai da firgita dariya. Da finafinan Kano suka kunno kai a 1990, kaset ya riƙa ƙetaro iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa, sai camama, wato finafinan barkwanci da ake shiryawa da ƙaramin jari, ta tarar da jama'ar da tatsuniya ta riga ta yi wa tarbiyya. Gwanin wannan fage, bila shakka, shi ne Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, Allah Ya jiƙansa.