Asalin Sunan Joji

Tsofaffin Sabon Birni da na sauran ƙasar Gwarzo da Kabo, waɗanda suka biya haraji a zamanin En'e, sun daɗe suna riƙe da sunan wani Bature a aljihunsu. Sunan nan shi ne Joji, wanda Turawa ke rubutawa George.

Kada a haɗa shi da joji mai shari'a. Wannan muƙami ne, daga kalmar da Ingilishi ke kiran alƙali da ita. Joji na yanka kuwa asalinsa daga harshen Yunanawa ne, ma'anarsa mai aikin ƙasa, watau manomi. Kusan dai a ce Nomau ne na Hausa, ko Harisu na Larabci.

Wanda ya fara ɗaukaka sunan wani soja ne na Rumawa. Nasara sun ce an kashe shi wajen shekarar 303 don ya ƙi barin addinin Annabi Isa, kabarinsa kuma yana Ludda. Larabawa na kiransa Jirjis, har Ɗabari ya kawo labarinsa cikin tarihinsa. Mutanen Ingila suka ɗauke shi waliyyin ƙasarsu, amma duk da haka sunan bai yawaita cikinsu ba sai da sarauta ta ɗauke shi. Cikin 1714 aka kira wani basarake daga Hanoba ta ƙasar Jamus, aka naɗa shi Joji na Ɗaya. Sarakuna huɗu a jere suka ci sunan, har 1830. To, abin da sarki ya sa, shi talaka ke sha'awa, sai iyaye suka dinga raɗa wa 'ya'yansu.

Zuwansa ƙasar Kano kuwa, kuɗi ne suka kawo shi. Joji na Biyar ya hau gado cikin 1910, jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ciniki na gyaɗa ya buɗe. Daga 1913 aka shiga buga sule da sisi da taro na Afirka ta Yamma da kan sarkin nan a jiki. Kwabo da anini masu huda ba su da kai, sai kambi da suna. Wuri ya mutu, hakimai suka ce haraji sai da tsabar kuɗi. Manomi ya kai gyaɗarsa sikeli, a ba shi Joji, dagaci ya zo ya karɓe, bai kuwa san mai sunan manomi ne ɗan'uwansa ba.

Sarakunanmu sun ga mutumin da idonsu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya gana da shi cikin 1921. Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka je cikin 1934. Ɗansa Joji na Shida ya yi sarauta daga 1936 zuwa 1952.

Duk da haka sunan bai shiga zauren raɗin suna na Hausawa Musulmi ba, gama liman ba ya barin sunayen annabawa da sahabbai. A Kano sai a Sabon Gari aka fi jinsa, wurin mutanen Kudu.